Tafiya Jidda da yaro ɗan wata 22: a yaye shi ko a tafi da shi?

Rabi'atu, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni. Maigidana yana aiki a Jidda, kuma ya aiko mana da bizar ziyara ta wata uku, ni da yaronmu wanda yanzu yake da wata 22. In Allah ya yarda za mu tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano a tsakiyar watan Janairu. Sau biyu na taɓa hawa jirgi, duka daga Katsina zuwa Abuja, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba, kuma a lokacin ba ni da goyo. Wannan kuwa an ce mini ta kai awa huɗu da rabi zuwa biyar a sama, ban da tafiyar mota zuwa Kano da zaman jira, ga shi yaron ba ya iya zama wuri ɗaya na minti biyar.

Abu biyu ne suka fi damuna. Na farko, Hajiya mahaifiyar maigidana, wadda take Daura, ta ce lokacin yaye ya yi, in kai mata shi ta yaye shi ta riƙe shi har in dawo, domin a ganinta wahalar da yaro ne kawai. Na biyu, wata maƙwabciyata ta ce in dai da shi zan tafi, in sayi maganin mura na ruwa mai sa barci in ba shi cokali ɗaya kafin mu shiga jirgi, wai haka kowa yake yi. Uban yaron kuwa rabonsa da shi tun yana rarrafe. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya su faɗa mini gaskiyar abin da suka gani.

Hajiya Binta, Daura:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ina bayan surukarki, kuma ba don garinmu ɗaya ba. Mu da muka haifi bakwai, takwas, ba mu san wani yaye ba sai na gidan kaka. Ana kai yaro, a dama masa kunu, a ba shi fura da nono, ya yi kukansa na kwana biyu ko uku, daga nan ya manta ya shiga cikin 'yan'uwansa yana wasa. Uwa kuma ta samu ta huta, ruwan nono ya ɗauke. Ga shi Allah ya kawo miki dalili, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Na je Umara a 2019, kuma a jirginmu akwai wata yarinya da ɗanta, tun daga Kano yake tsala ihu har muka ga fitilun Jidda. Ta yi jijjiga, ta yi waƙa, ta yi zarya a tsakanin kujeru har ma'aikatan jirgi suka ce ta zauna, daga ƙarshe ita ma ta fashe da kuka. Wannan hoto bai bar zuciyata ba. Yaron da ba zai tuna tafiyar ba, me za a kai shi ya gano? Uban ya gan shi ta waya, ai yanzu duniya ta zo kusa.

Sista Hauwa, Sabuwar Unguwa:
Ranki ya daɗe Hajiya, ina neman afuwa zan saɓa miki a wuri ɗaya, amma bari in fara da maganar magani domin ita ce mai haɗari. Ƙanwata Rabi'atu, kada ki kuskura ki bi shawarar maƙwabciyarki. Shekarata 14 ina aikin jinya a ɗakin yara, kuma na ga abin da cokali ɗayan nan yake jawowa. Magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa barci ba a yarda a ba yaron da bai kai shekara biyu ba haka kawai, wanda ake kira Phenergan ma akwai gargaɗi mai ƙarfi a kansa cewa yana iya danne numfashin ƙaramin yaro. Masu sinadarin kodin kuwa, gwamnatin tarayya ta hana yin su da shigo da su tun a watan Mayun 2018. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wasu yaran maimakon maganin ya sa su barci sai ya birkita su, su yi ta fizge-fizge da kuka ba ji ba gani. A ƙasa idan haka ta faru sai a garzaya asibiti. A sama, tsakanin Chadi da Sudan, ina za ki kai shi?

Sai batun kunne, wanda shi ne asalin yawancin kukan da Hajiya ta gani. Jirgi yana tafiya ne a nisan kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, amma ana daidaita iskar cikinsa ta zama kamar ta kan dutsen da tsawonsa ya kai mita 1,800 zuwa 2,400. Wannan sauyi ne yake danna fatar cikin kunne. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci, kuma duk lokacin da mutum ya haɗiye miyau ko ya yi hamma sai ta buɗe, iskar ciki da ta waje su daidaita. Babba yana yin haka ba tare da ya lura ba. Ta yaro gajera ce, matsattsiya, a kwance, ga shi ba za ki iya ce masa ya haɗiye miyau ya ji ba. Ciwon ya fi tsanani a lokacin sauka, kuma saukar ba a ƙofar gari take farawa ba, tun saura kamar rabin awa jirgi yake fara gangarowa.

To a nan ne na saɓa wa Hajiya. Babu abin da yake sa yaro haɗiya a kai a kai, ya kuma kwantar masa da hankali a lokaci guda, kamar nonon uwarsa. Idan da shi za ki tafi, mafi munin abin da za ki yi wa kanki shi ne ki yaye shi saura mako biyu ko uku, ki shiga jirgi da yaron da yake cikin ƙuncin yaye kuma ba ki da abin rarrashinsa. Ki riƙe nonon har ku je ku dawo. Abu ɗaya da zan ƙara, Janairu lokacin sanyi ne da ƙura, idan ya kamu da mura mai toshe hanci ko ciwon kunne gab da tafiya, ki kai shi likita ya duba kunnen kafin ku tashi, domin mura tana rufe wannan hanyar da na ambata.

Alhaji Kabir, Katsina:
Ni ba ni da ilimin Sista, amma ina hawa jirgi kusan kowane wata saboda harkar kasuwa, kuma zan faɗi abin da sauran fasinjoji suke faɗa a zuci. Mutum ya biya kuɗi masu yawa, ya kwana bai yi barci ba, yana so ya runtsa kafin ya sauka ya shiga sabga, sai a ajiye masa yaro a baya yana dukan kujerarsa da ƙafa har a sauka. Kukan kunne ba ni da ta cewa a kansa, wannan lalura ce. Abin da yake ɓata mini rai shi ne uwar da ta saki yaro yana jan hular mutane, yana watsa shinkafa, ita kuma tana kallon fim. An taɓa zuba mini lemo a farar shadda a hanyar Legas, ina da ganawa da mutane da ƙarfe goma, uwar ko sannu ba ta ce mini ba. Saboda haka idan akwai kaka mai rai da lafiya wadda ta ce a kawo mata, ni ban ga dalilin ɗaukar wahala a ɗora wa wasu ba.

Malama Zainab, Ƙofar Marusa:
Alhaji, Allah ya huci zuciyarka a kan shadda, uwar ba ta kyauta ba. Sai dai jirgi motar haya ce mai fukafukai, wanda ya shiga motar Kano daga tasha ai ya san zai iya zama kusa da mai goyo.

Rabi'atu, ni na yi wannan tafiyar da 'yata tana da wata 20, ni kaɗai, kuma abin da ya fi ba ni wahala ba cikin jirgin ba ne, filin jirgin ne. Na goya ta da zani na ɗaure da majanyi, ina jin daɗi hannuwana biyu a sake, sai da muka zo wurin bincike aka ce in sauke ta. Tana cikin barci mai nauyi. Ki duba hali: jakar hannu a kan na'ura, takalmi a hannu, fasfo biyu a baki, zani yana jan ƙasa, yarinya ta farka ta ga baƙin fuskoki ta fasa ƙara, mutanen bayana suna tsaki. Daga ranar na koyi sa fasfo da tikiti a 'yar jakar rataye wadda take kwana a ƙirjina, kuma na daina goya ta sai mun wuce bincike. Bayan nan kuwa zani ya fi keken tura yara amfani sau goma, musamman idan aka kwashe ku a bas zuwa gindin jirgi aka ce ku hau matakala. Wanda yake da keken ana barinsa ya tura har ƙofar jirgi kafin a karɓa, amma a can sai kin jira a fito miki da shi.

Kada ki damu da dokar nan ta hana shiga da ruwa fiye da mililita 100, abincin yaro da madararsa ba sa cikinta, sai dai za su iya buɗewa su duba. Ni na dama kunun gyaɗa mai ɗan kauri na zuba a ƙaramin filas, na ɗauki biskit da ayaba da dabino wanda na cire wa ƙwallo na yayyanka. Ban da ƙwayar gyaɗa, ban da aya, ban da alewa mai tauri, domin jirgi yana girgiza ba sallama, yaro kuma yana shaƙewa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, don haka ki riƙa ba shi ruwa kaɗan kaɗan, ki shafa masa man kaɗanya a leɓe da hanci.

Famfas kuma ki ƙirga wanda kike ganin zai isa, sannan ki ninka. Hazo ya riƙe mu awa shida a Kano, ana ta cewa yanzu za a tashi, manyan akwatunanmu sun riga sun shige ciki, ni kuwa guda huɗu na ɗauka a hannu. Wata baiwar Allah 'yar Gumel ce ta rufa mini asiri da guda biyu. Ki sa wa yaro kaya kala biyu a jakar hannu, ke ma ki sa doguwar riga da hijabi na canji, domin amai ba ya zaɓen wanda zai sauka a kansa. Banɗakin jirgi yana da wani allo da ake saukewa daga bango a kwantar da yaro a canza masa, amma wurin ƙarami ne sosai, ki shiga da abin da kike buƙata kawai a leda.

Aminu mai tikiti, Katsina:
Anti Rabi'atu, kafin a ci gaba da maganar kunu da zani, akwai abin da na lura da shi a lissafinki wanda ya shafi aljihu. Kin ce yaro yana da wata 22 yanzu, kuma za ku yi wata uku. Ke nan a can zai cika shekara biyu. A ƙa'idar kamfanonin jirage, yaron da bai kai shekara biyu ba ana ɗaukarsa jariri ne, ba shi da kujera, a cinyar uwarsa zai zauna, kuma a tafiyar ƙasashen waje yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, ban da haraji. Ranar da ya cika biyu kuwa dole ya samu kujerarsa, kuɗinsa kuma ya matso kusa da na babba. Ranar tashi ake dubawa, ba ranar sayen tikiti ba, kuma dawowa ma tashi ce. Wasu kamfanonin sukan bari a biya na jariri a tafiya da na yaro a dawowa, wasu kuma sai sun caji na yaro gaba ɗaya. Na taɓa ganin wanda aka yanka wa tikitin jariri na zuwa da dawowa, sai a wurin awon kaya a can aka ce sai ya sayi kujera, a farashin ranar. Ki sa maigida ya duba abin da aka rubuta a tikitin tun yau.

Sai takardu. Yanzu ba a haɗa yaro a fasfon uwarsa, ko ɗan kwana bakwai ne sai da nasa. Hukumar Shige da Fice za ta nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar NIN ta yaron, da takardar amincewar iyaye. Fasfon yara na shekara biyar ne. Tunda an riga an ba ku biza na san kun wuce nan, amma ki duba naki ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ki riƙe takardar haihuwarsa a hannu, kuma tunda ba tare da uban za ku fita ba, ya aiko miki da takarda mai sa hannunsa cewa ya amince, da hoton fasfonsa. Ba kullum ake tambaya ba, amma ranar da aka tambaya babu mai sauraron rantsuwa.

Akwai kuma katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar ita ce wadda ake yi wa yara a wata tara, sai dai katin asibiti ba ya wadatarwa, sai kin kai shi ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita an ba shi na tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma wanda aka yi wa sabuwa sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki.

Rabi'atu:
Inna lillahi. Wallahi Malam Aminu ban taɓa kawo wannan lissafi a raina ba, ranar 9 ga Maris zai cika shekara biyu, mu kuma sai Afrilu za mu dawo. Na tura wa maigidan saƙonka yanzu. Wace kujera kake ganin ta fi dacewa in nema?

Aminu mai tikiti:
Layin ƙofar gaggawa dai ba a ba mai yaro, wannan doka ce. Layin gaba mai fuskantar bango yana da filin ƙafa, kuma a nan ake maƙala ɗan gadon jarirai, amma gadon yana da iyakar nauyi, wajen kilo 10 zuwa 11 a yawancin jirage, ɗan wata 22 ya fi ƙarfinsa. Illar layin kuma ita ce dole jakarki ta hau sama a lokacin tashi da sauka, wato daidai lokacin da kika fi buƙatarta. Ni da ke ce da bakin hanya zan nema a tsakiyar jirgi, ki tura jaka ƙarƙashin kujerar gabanki, ki iya fita banɗaki ba tare da kin tayar da kowa ba. Idan kin isa wurin awon kaya da wuri, ki roƙe su da ladabi ko akwai layin da kujerar kusa ba kowa.

Malam Sani, Daura:
Ina so in ce wani abu a kan yaye, domin ina ganin a nan ƙullin yake. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma ta ce idan za a yaye kafin nan, to ya kasance da yarda da shawarar uwa da uba su biyu. Ke nan babu laifi a yaye a wata 22, babu kuma laifi a ƙarasa. Amma maganar ta iyaye biyu ce, kuma uban nan ya aiko da biza har da sunan ɗansa, wannan kaɗai ya nuna ra'ayinsa. Shawarata ga Malama Rabi'atu ita ce kada ta ɗauki wannan magana a bakinta ta kai wa surukarta. Ta bar ɗan ya kira mahaifiyarsa da kansa, ya roƙe ta, ya yi mata alkawarin cewa da sun dawo Daura za a kawo shi yaye. Tsakanin ɗa da uwa magana ba ta tsami, tsakanin suruka da matar ɗa kuwa sai a shekara ana jin warinta.

Ga Alhaji Kabir kuma, ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita saboda sanin halin da uwar take ciki. Ba a ce wa matan su daina zuwa da yara ba.

Alhaji Kabir:
Malam, ka ɗaure ni da jijiyata. Na karɓa. Amma ina nan a kan bakana cewa uwa ta riƙe ƙafar ɗanta, ta kuma iya cewa sannu.

Hajiya Binta:
Ni ma na ji bayanin Sista, kuma ban san kunne ne yake sa su wannan ihu ba, na ɗauka tsoro ne. Allah ya sa yarinyar nan da na gani ba sabon yaye ta yi ba. Duk da haka ina jiye wa 'yata tafiyar mota. Daga Katsina zuwa Kano kilomita wajen 170 ne, ta Charanci da Kankiya da Bichi, sannan a shiga cunkoson gari. Kada ki tashi da asuba ki ce a ranar za ki yi duka. Ki tafi tun ana gobe, ki kwana a gidan 'yan'uwa, yaro ya yi barcinsa, ke ma ki yi. Kuma ki biya ta Daura ki yi wa Hajiyarku sallama da yaron a hannunki kafin tafiya, ko da ba za ki bar shi ba. Idan kin zauna a kujera kada ki manta da addu'ar hawa abin hawa, ki tofa masa.

Baban Ummi, Katsina:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ni a wurina ya fi kuka muhimmanci. Yaron da yake kan cinya ba shi da abin da ya riƙe shi sai hannun uwarsa. Kamfanoni da yawa suna ba da ɗan ƙaramin bel da ake zurawa a cikin na uwa a ɗaura wa yaro, ki tambaya da zarar kin zauna idan ba su kawo ba. Jirgi yakan faɗa gargadar iska ba tare da matuƙi ya hango ba. A watan Mayun 2024 wani jirgi da ya tashi daga Landan zuwa Singafo ya gamu da irin wannan, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, kuma waɗanda ba su ɗaura bel ba ne aka yi ta bugawa da rufin jirgi. Don haka ina jin tsoron shawarar da ake yawan bayarwa ta a bar yaro ya yi ta yawo a tsakanin kujeru. A zaga da shi sau ɗaya ko biyu a riƙe da hannu idan fitilar bel a kashe take, sauran lokaci ya kasance a ɗaure, ko da barci yake yi. Mai hali ma ya saya wa yaro kujerarsa tun a tafiya, an yarda da haka ko bai kai biyu ba. Ɗaukar kilo 12 a cinya awa biyar ba wasa ba ne, na yi, ƙafata sai da ta mutu.

Idan kuma abin shaƙar iska ya sauko daga sama, ki fara sa naki kafin nasa. Zuciyar uwa ba za ta so haka ba, amma daƙiƙoƙi kaɗan ne mutum yake da su kafin hankalinsa ya gushe, idan kin suma babu mai sa masa.

Sista Hauwa:
Gaskiya ne. Ƙari ɗaya a kan lokaci: kada ki ba shi nono tun jirgi yana tsaye ko yana jan ƙafa a ƙasa, domin wani lokaci sai a yi minti 20 ana wannan, ya ƙoshi ya saki kafin a tashi. Ki ja shi da wasa har sai kin ji injin ya ɗauki ƙara jirgi ya fara gudu. A wajen sauka kuma, idan barci yake yi, da kin ji naki kunnen ya fara toshewa ki ɗan motsa shi ki sa masa.

Rabi'atu:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari kamar yadda na yi wa Sista alkawari, yau kwananmu huɗu a Jidda. Maganar Malam Aminu ta tabbata, tikitin jariri aka yanka masa zuwa da dawowa, sai da maigidan ya ƙara kuɗi aka gyara na dawowar. Shi ne kuma ya kira Hajiya kamar yadda Malam Sani ya ce. Ta yi faɗa, ta ce mun mayar da ita ba ta iya riƙon yaro ba, amma da muka je sallama ita ce ta ƙulla mana garin kunu da kuka da daddawa, ta ce a kai wa ɗanta.

Mun kwana a Kano a gidan ƙanwar mahaifiyata. Hazo ya jinkirta mu awa biyu da wani abu, na bar shi ya yi ta gudu a ɗakin jira ina bin sa har ya gaji. Wajen tashi na bi lissafin Sista, ya kama nono, kafin a kashe fitilar bel ya yi barci, ya kwashe kusan awa biyu. Da ya farka ne aka sha daga. Ya ƙi kunun da na wahala na dama, ya cinye burodin da aka kawo mini, ya yaga takardar da take aljihun kujera, sannan ya gano maɓallin kiran ma'aikata. Motar wasan da na saya masa sabuwa na ɓoye, minti goma ta yi masa. Abin da ya riƙe shi fiye da rabin awa shi ne kofunan roba guda uku da wata ma'aikaciya ta ba shi, yana jera su yana rushewa. Na riƙe ƙafarsa saboda Alhaji Kabir, kuma sau ɗaya da ya kuɓuce ya ja hular dattijon da yake gabanmu na ce masa sannu Baba, ya juyo ya ce jikokinsa 11, ya ma karɓe shi na samu na shiga banɗaki.

Wajen sauka kuwa ya yi kuka. Na makara, sai da nawa kunnen ya toshe sosai na tuna, a lokacin ya riga ya fara, ya ƙi kama nonon yana ta murza kunnen hagu da hannu. Mun yi kamar minti goma a haka, hijabina ya jiƙe da gumi da hawayensa, kafin ya haƙura ya kama, ina jin yadda yake haɗiya yana ajiyar zuciya. Babu wanda ya yi mini tsaki, ko kuma an yi ban ji ba.

Takalminsa ƙafa ɗaya ya ɓace a jirgin, da safa ya taka ƙasar Saudiyya. Da ya ga ubansa ya ɓuya a bayana, sai jiya ya yarda ya ɗauke shi. Malam Aminu, a dawowa tunda yana da kujerarsa, shin za a ba shi nasa kilo na kaya kamar babba? Hajiya ta riga ta aiko da jerin abubuwan da za a sayo mata.